Ƙasar Taimamar Baba

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa. Sunayen abokan wasana sun tafi, hanyoyin da na bi ina kai fata kasuwanni sun cakuɗe a kaina, wani lokaci ma sai na tambayi jikokina ko na ci abincin rana. Amma abin da ya faru tsakanina da mahaifina a shekarar da gulbi ya yi babbar ambaliya, wannan kam ba zan manta da shi ba har ranar da za a sa ni cikin ƙasa. Ƙasar ce ma tushen labarin. Ban yi karatu mai zurfi ba. Izu kaɗan na yi a allo, na koyi hukuncin tsarki da salla gwargwadon na mai sana'a, sai da gemuna ya fara fari sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci na koyi wannan rubutun. Saboda haka mai karatu ya yi haƙuri da ni, zan faɗe shi ne kawai yadda ya faru.

Lokacin Turawa sun yi shekara ashirin da 'yan kai da cin Sakkwato. Baba yana cikin waɗanda suka ga shigowarsu da idonsu, kuma bai yarda da komai nasu ba, ko da allurar ɗinki ce. Mu majema ne, gadon kaka da kakanni. Da ya tsufa sai ya bar mini majemar. Hannuwansa duk sun tsattsage saboda shekarun da suka yi cikin ruwan toka da bagaruwa, ga sanyin ƙashi da ya kai ko ruwan ɗumi ya taɓa shi sai ya yini yana nishi. Malamai suka ce ya riƙa taimama. Yana da wani dutse sumul a gefen shimfiɗarsa, shi yake bugawa da tafuka ya shafi fuska da hannuwa, sau biyar kullum.

Ina da takarkari guda, san ɗaukar kaya, baƙi mai farin goshi, shi ke ɗauko mini ƙiraga, wato ɗanyun fatun shanu, da buhunan bagaruwa. Da rani a gonarmu ta fadama nake ɗaure shi, bayan Ƙofar Kware. Wata rana da bazara na je na same shi kwance ya kumbura, baƙin jini yana fita ta hanci da ta baya, jinin kuma ya ƙi daskarewa. Duk majemi ya san wannan, ciwon saifa ne. Tun ina ƙarami Baba ya hana ni sa wuƙa a jikin dabbar da jininta ya ƙi daskarewa, don haka ban feɗe shi ba. Amma akwai doka da aka yi shela a kasuwa, cewa duk wanda dabbarsa ta faɗi haka ya kai rahoto, a zo a ƙone ta da fatarta. In kuwa mai dabbar majemi ne, sai an bincika fatunsa, wadda aka yi shakka a kanta ita ma wuta. Ni kuwa ina da fatun da na yi wata da watanni ina tarawa.

Na duba gabas na duba yamma, tsakar rana ce, kowa ya gudu inuwa. Na ɗauki fartanya na fara haƙa. Wanda ya san lakar fadama da bazara ya san dutse ce. Ramin bai kai ƙuguna ba na gaji, na tura takarkarin ciki na rufe, na baza ciyawa a kai. A gida na ce na sayar da shi ga wasu fatake masu zuwa Gobir. Baba ya ce na yi gaggawa, dabba ce mai haƙuri. Na ce haka ne.

Damina biyu suka wuce, ni kaina na fara mantawa. A ta uku ne gulbi ya cika ya batse. In ka hau kan ganuwa ka duba arewa, ruwa ne iyakar ganinka, shinkafa ta nutse, masu kwalekwale suna yawo a kan gonakin mutane suna gane iyaka da kan itatuwa. A cikin gari kuma ruwan sama ya yi ta zuba har katangu suka jiƙe suka fara zama. Bangon ɗakin Baba ya faɗi da hantsi, Allah ya sa yana zaure. Mun tone abin da za mu iya tonewa, mun samu buta da tasbaha da buzu, amma dutsen taimama ya shige cikin laka, har yau ban san inda ya yi ba.

Da ruwa ya janye na gangara in ga abin da ya rage a gona. Babu shinkafa ko zangarniya ɗaya. Amma a kusurwar gangare, inda ruwa ya daɗe yana kwance, ya bar wata ƙasa mai laushi, fara-fara, ba tsakuwa ba haki, ka ce gari aka baza. Ina ganinta na tuna da Baba, wanda tun faɗuwar ɗakin yake lallaɓawa yana buga bangon zaure mai kaushi da waɗannan tsattsagaggun hannuwa. A sama kaɗan da wurin kuma na ga abin da ban so gani ba. Ruwa ya zaizaye ramin, ga ƙaho ɗaya da haƙarƙari a fili, kuma ta kansu ruwan ya gangaro zuwa kusurwar. Na sa ƙafa na tura musu ƙasa.

A nan ne ɗan karatuna ya cuce ni. Na tsaya ina yi wa kaina fatawa. Na ce ai damina biyu sun wuce, ga ruwa mai gudu ya wanke wurin, ga rana ta busar da shi, ita ƙasa kuma asalinta tsarki ce, shi ya sa ake taimama da ita. Da wannan na cika taiki. A gida na shanya ta a tabarma, na sa rariya na tankaɗe, na zuba a sabon kasko na kai wa Baba. Ya sa tafinsa a ciki ya shafa, sannan ya ce, “Wagga ƙasa awa alhariri. Allah shi yi ma albarka, shi ba ka masu yi maka.” Maƙwabta suka ji, aka yi ta yabona a bakin masallaci. Na ji daɗin yabon nan ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Yayata ce kaɗai ba ta yaba ba. Mijinta ya rasu ta dawo gida da 'yan awakinta, mace ce mai baki, ba ta tsoron kowa. Ta tsaya tana kallona da rariya ta ce, “Yau na ga aiki. Namiji da gemu shina tankaɗen ƙasa. In ka ƙare sai ka ɗora muna tuwonta.”

Ba a yi kwana goma ba awaki suka fara faɗuwa a fadama. Sabuwar ciyawa ta fito bayan ruwa, kowa ya saki dabbobinsa, sai a wayi gari a ga biyu nan uku can sun kumbura. Na yayata ma suka shiga ciki, don a gefen gonarmu take ɗaure su. Sai ga wani mutum an turo daga bariki, malamin dabbobi, Bazazzagi, gajere, da kwat ɗin kaki a kan riga da akwati a bayan keke. An ce can wajen Jos ya koyi aikin. Abin da ya ba mutane dariya, bai tsaya kan awakin kaɗai ba. Gona-gona yake bi da ƙananan kwalabe da cokali. Sai ya kunna 'yar fitila ya gasa cokalin, ya bari ya huce, ya ɗebi ƙasa ya zuba a kwalba ya toshe ya yi rubutu a jiki. Mutane suna cewa Nasara sun gama ƙidayar shanu, yanzu ƙasar ce za su ɗanɗana.

Ni ban yi dariya ba, don na san abin da ke gonata. Na riga shi zuwa gonata na tsaya a kan iyaka da fartanya a kafaɗa.

Ya yi sallama ya ce, “Maigida, cokali ɗaya nake so daga can gangaren.”

Na ce, “Malamin awaki, mi ƙasa ta yi maka? Awaki sun ci ciyawa sun mutu, kai ka zo kana tuhumar ƙasa.”

Ya ce, “Ciwon nan yana da iri, kamar irin ciyawa. In an binne dabbar da ta mutu da shi, irin yana kwana a ƙasa shekaru bai mutu ba. Ambaliya ce ke tono shi ta baza. Ina neman inda ya fito ne.”

Na ɗaga murya don mutanen da suka taru su ji. Na ce, “Kun ji sabon addini! Ƙasad da Allah ya yi muna tsarki, da ita muka taimama, kanta muka sujada, ita ta wanga ya ce ƙazama ta.”

Wasu suka yi salati, wasu suka fara gunaguni. Na san abin da nake yi, so nake su kore shi. Shi kuwa bai ko ɗaga murya ba. Ya ce, “Ban ce ba ta da tsarki ba, wannan magana ta malamai ce, ba tawa ba. Na ce tana iya ɗauke da cuta.” Ya ɗebi cokalinsa daga wajen iyakata, inda awakin yayata suka faɗi, ya hau kekensa ya tafi. Na koma gida ina jin na yi nasara.

Kwana biyu bayan haka Baba ya nuna mini wani ɗan ƙurji a wuyan hannunsa na dama, daidai kan wata tsohuwar tsaga. Ya ce ƙaiƙayi kawai yake yi, ba zafi. Kashegari ya yi ruwa, wanshekare tsakiyarsa ta yi baƙi ƙirin kamar an liƙa gawayi, hannun ya fara kumbura. Mu majema mun san irin ƙurjin nan, yana kama wanda ya taɓa mummunar fata, wani ya tashi wani ya tafi. Na san shi sarai. Amma na ce da kaina ba zai yiwu ba, Baba ya shekara biyar rabonsa da taɓa fata. Na samo masa magani na shafa, na ce cizon gizo-gizo ne. Wani abin takaici, da ƙurjin ya fito sai na ƙara ja masa kunne kada ruwa ya kusanci hannun. Ya ci gaba da buga kaskon nan sau biyar, yana shafa ƙasar a kan ƙurjin da kan fuskarsa.

Yayata ta same ni a majema, hannuna cikin ruwan bagaruwa. Ba ta yi sallama ba. Ta ce, “Baba ba shi taɓa hwata, ba shi taɓa akuya, ko ruwa ba shi taɓawa. Mi yaka taɓawa in ba ƙasag ga taka ba? Ina ka ɗebo ta?”

Na ce, “Gona.”

Ta ce, “Gonad da awakina sunka mutu gefenta?”

Na ce mata ta koma cikin gida, wannan ba maganar mata ba ce. Ta dube ni ta ce, “Ni na goye ka, na san hwuskarka in kana ƙarya.” Ta juya ta tafi. Ashe ta riga ta ƙulle ƙasar kaskon a bakin mayafinta. Yayar nan tawa da ƙafa ta fita ta Ƙofar Atiku har bariki, wurin da ba ta taɓa takawa ba, ta yi ta tambaya har aka nuna mata malamin dabbobi.

A ranar ya biyo ta har ƙofar gidanmu. Ya ce a ɗauke kaskon nan take, a kuma kai tsohon asibiti. Na tare zaure na ce gidana ba garke ba ne da malamin awaki zai shiga. Yayata ta ɗauke kaskon ta ɓoye. Ni kuma, Allah ya gafarta mini, na koma taikin na ɗebo wata na zuba a akushi na kai wa Baba, don in na yarda ƙasar ce, sai na faɗi abin da ke cikinta. Wannan kwana biyun su ne mafi muni a cikin abin da na aikata a rayuwata. Kumburin ya haura gwiwar hannu ya doshi kafaɗa, zazzaɓi ya rufe shi, a zaune yake salla yana jingina da bango.

A rana ta uku da hantsi malamin ya zo majema. Ya jingine keke ya tsaya daga nesa saboda wari, ya ce, “Ban zo da ɗan doka ba. Zo ka gani da idonka, in ka gani ka ce ƙarya ne, ba zan sake taka unguwarku ba.” Ban san abin da ya sa na bi shi ba. Ina jin nishin Baba na safiyar ranar ne ya tura ni.

Ɗaki ne na kwano a bayan shingen dabbobi. Akwai tebur da kwalabe da wasu akurki guda shida, kowanne da ɓeran Masar a ciki, da takarda ɗaure a ƙofa. Ya yi rubutun da boko da ajami, don haka na iya karantawa. Ya bayyana mini yadda ya yi. Kowace ƙasa ya jiƙa ta a ruwa daban, ya ɗora a wuta ta yi zafi sosai, domin zafin yana kashe sauran ƙananan halittun da ke cikin ƙasa amma ba ya kashe irin wannan ciwon. Sannan ya tace, ya yi wa kowane ɓera allurar ruwan ƙasa ɗaya. Huɗu suna ta cin ciyawarsu, kumatu na motsi. Biyu an rufe su da tsumma. A ƙofar na farko an rubuta, iyakar gonar majemi. A ta biyun an rubuta, ƙasar taimama.

Na ce, “Allurarka ta kashe su.”

Ya ce, “Waɗannan huɗun fa? Su ma na yi musu.”

Na sake leƙa huɗun nan. Ya jawo wani ƙarfe mai kama da ƙaramar bindiga a tsaye, da madubi a ƙarƙashi, ya juya shi wajen taga. Ya ce ya ɗiga jinin ɓeran na biyu a kan gilashi ya rina shi da shuɗi, kamar yadda ake rina zare don a gan shi. Ya ce in rufe ido ɗaya in leƙa. Da farko haske kawai na gani da gashin idona. Ya murɗa wani abu a hankali, sai ga su. Wasu 'yan sanduna ne shuɗɗa, jere gaɓa-gaɓa kamar karan dawa da aka sassare aka jera, ba iyaka, sun cika wurin. Ya canja gilashin ya sa na akuyar yayata. Su ne dai. Ya sa na lafiyayyen ɓera, babu ko ɗaya.

Na ɗago kaina. Na ce, “Waɗanga na cikin hannun Baba?”

Ya ce, “Ina tsoron haka. Kuma kullum ana ƙara masa. Maigida, ƙasa ba ta haifar wannan da kanta. Akwai abin da aka binne a sama da inda ka ɗebo. Ni ban sani ba, kai ka sani.”

A nan na zauna a ƙasa a ɗakin nan, ni da na tara masa jama'a na ce ya kawo sabon addini, na faɗa masa komai, tun daga baƙin jinin har ƙahon da na tura wa ƙasa. Na jira ya zage ni. Sai ya ce, “To, mun sami bakin zaren. Tashi, tsohon ne a gaba, sauran magana daga baya.”

Faɗa wa Baba ya fi mini wuya. Na durƙusa gabansa, yayata tana tsaye a bakin ƙofa, malamin yana zaure. Na ce takarkarin nan ban sayar da shi ba. Ya saurare ni har na gama, idonsa a rufe saboda zazzaɓi. Sai na ƙara da 'yar fatawata, kamar mai neman mafaka, na ce na ɗauka tunda ƙasa tsarki ce ba za ta cutar ba. Ya buɗe ido ya ce, “Kai, wa ya karantar da kai? Kunama ma ba najasa ba ta, amma ba ka aza goshi bisanta. Sallata ta yi, in sha Allahu. Hannuna na kac ci.”

Da aka zo maganar asibiti ya ƙi. Ya ce, “Na ga Nasara ranad da sunka shigo da bindiga. Yanzu in tahi da ƙahwata in miƙa musu hannuna?” Yayata ta yi kuka, ta yi faɗa, bai motsa ba. Sai malamin ya nemi izini ya shigo, ya cire takalmi ya tsuguna nesa kaɗan ya gaishe shi yadda ɗa ke gaida uba. Ya ce, “Baba, ba su za ka miƙa wa ba. Ni za ka miƙa wa. Ni zan riƙe hannun har a gama, in kuma lokacin salla ya yi tare za mu yi.” Baba ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, “Ɗan wa kake a Zazzau?” Ya faɗa masa sana'ar gidansu, ashe su ma dukawa ne, da fata suka tashi. Baba ya ce, “Ashe ɗan gida na. Ku kawo jaki.”

Ya cika alkawari. Wani likita Bature ne ya yi allurar, amma hannun Baba yana cikin na malamin. Kwana biyu na farko ba mu san inda abin zai faɗa ba, likitan ma ya ce an makara, sai dai a gwada. Ina zaune a gindin wata bishiyar bedi a waje, ba na iya haɗa ido da yayata. A rana ta uku zazzaɓin ya sauka. Kumburin ya riƙa janyewa kaɗan-kaɗan, baƙin ɓawon ya yi makonni kafin ya faɗi ya bar tabo kamar an ɗora masa wuta. Yatsunsa biyu ba su ƙara lanƙwasuwa daidai ba. Amma ya tashi, ya ƙara shekara tara a duniya, ya ga auren jikokinsa.

Gonar kuwa ni da kaina na kai su wurin. Aka tara itace a kan ramin da kusurwar aka yi wuta yini guda, aka zuba farar ƙasa mai ƙuna, aka kewaye da ƙaya, aka hana kiwo a wurin. Taiki da tabarma da rariya da akushi duk suka shiga wutar, kaskon aka farfasa a ciki. Mutuwar awaki ta tsaya. An bincika fatuna, an ƙone wasu. Daga baya na ji cewa da Baturen dabbobi ya tambayi yadda aka gano wurin, malamin ya faɗi gaskiya game da takarkarin, amma ya ƙara da cewa mai gonar ne da kansa ya nuna. Wannan kalma ce ta tsayar da ni daga zuwa gaban alƙali. Bai ambaci ranar da na tara masa jama'a ba, bai ambaci zauren da na tare ba.

Baba ne bai sassauta mini ba. Ya ce in bi gida-gida duk wanda akuyarsa ta mutu in faɗa masa da bakina, in nemi yafiya, in mayar da abin da zan iya. Na yi. Wasu sun yafe nan take, wasu sun yi shekara ba su amsa gaisuwata ba, kuma ban ga laifinsu ba. Yayata ta karɓi awakin da na kawo mata ta dudduba haƙoransu ta ce, “Waɗanga ma hala sai Gobir?” Har ta rasu, in ta ga na fara dogon bayani, sai ta ce, “Malam, a kawo rariya?” Allah ya jiƙanta. Ba don ƙullin mayafinta ba, da ni na kashe ubanmu da hannuna, mutane suna yabona.

Ranar da Baba ya dawo gida, malamin ya zo gaishe shi da wani abu naɗe a ƙyalle. Dutse ne baƙi, sumul, ya cika tafuka biyu. Ya ce daga wani rafi a ƙasar duwatsu, can wajen Jos, ya taho da shi tun yana koyon aiki, yana danne takardu da shi. Ya ce, “Na wanke shi na dafa shi, Baba. Tsarkinsa kai ka sani, lafiyarsa ni na tsaya.” Baba ya yi dariya har da tari, ya sa masa albarka mai tsawo.

Ni ina tsaye a gefe. Na so in yi magana, kunya ta hana ni. Na ce a raina bari in jeme masa jar fata mai kyau, in kai masa har gida in yi godiya yadda ya kamata. Jima kuwa ba ta son gaggawa. Ranar da na gama na naɗe na nufi bariki, aka ce an mayar da shi wani lardi tun makon jiya. Na yi cigiya shekaru, ban ƙara jin ɗuriyarsa ba. Mutumin da ya ceci ran ubana ya rufa mini asiri, kalma ta ƙarshe mai nauyi da ya ji daga bakina a gaban jama'a ita ce malamin awaki.

Abin da na koya bai da yawa, amma na biya shi da yatsun mahaifina. Ɗan sanin da mutum yake da shi, in ya ɗauke shi ya rufe laifinsa da shi, ya fi jahilci haɗari, don jahili in an nuna masa yana dubawa. Na kuma gane cewa abin da ka binne ba ka faɗa ba bai tafi ko'ina ba, yana nan yana jiran ruwa. In kuma wani ya yi maka alheri, ka gode masa a ranar da bakinka, kada ka jira fata ta jemu.

Yanzu sanyin ƙashin Baba ya gangaro kaina, ni ma malamai sun ce in bar ruwa. Dutsen nan yana gefen shimfiɗata, tsakiyarsa ta ɗan lotsa saboda tafukan mutum biyu. Sau biyar kullum nake buga shi, kuma duk na idar da salla sai na roƙa wa mutum uku gafara da rahama: Baba, da yayata, da wani Bazazzagi gajere mai keke, wanda na tabbata Allah ya san inda yake ko da ni ban sani ba.